Takarda a Bangon Inna

Dokta ta dawo daga gidan jarida tana jan ƙafa, ta tarar da surukarta a falo fuska a murtuke, maigidanta kuwa ya sunkuyar da kai.

"Sannu da zuwa, Inna."

"Riƙe sannunki! Masaniyar ƙasa da duwatsu ɗana ya aura, mai ofis da farar riga, ba mai bin mutane da rakoda ba. Ko ki koma aikinki, ko ya ba ki takardarki!"

"Haba Inna, filis—" ya fara, ta daka masa tsawa.

Ko ƙarfin kuka Dokta ba ta da shi. Shekara takwas tana auna ƙasar unguwar su Inna, tana rubuta cewa laka ce mai kumbura da damina ta tsaga gini, rahotannin na jibge a kabad. Ita kanta Innar, da bangon ɗakinta ya tsage, Dokta ta je mata da taswira tana "mai yiwuwa", "akwai alamu", har tsohuwa ta fara gyangyaɗi. Gajiya da yi wa kabad magana ce ta fitar da ita daga ɗakin bincike, ta koma aikin jarida.

Wata biyu Inna ba ta amsa gaisuwarta. Miji ya rame, bai rubuta saki ba, bai kuma daina durƙusa wa uwarsa ba. A ofis edita na soke wa Dokta rabin rubutu: "Rubuta yadda kakarki za ta gane!"

Sai ta rubuta a sauƙaƙe: a liƙa takarda a kan tsagar bango, in ta yage cikin mako, tsagar buɗewa take, a fita. Maƙwabciyar Inna ta karanta a jarida, ta zo ta liƙa mata. Kwana biyar takarda ta yage. Inna ta kwashe kaya ta bar ɗakin tana mita, ruwan saman da ya biyo baya ya kifa bangon a kan gadonta.

Washegari sai ga ta a falo, idanu jawur.

"Ashe ke kika rubuta? To 'yar nan, me ya hana ki faɗa min haka tun farko, kika tsaya zana min layuka?"

Dokta ta yi dariya hawaye na zuba, Inna ta jawo ta jikinta, maigida ya sauke ajiyar zuciya.

Haƙurin Dokta da mijinta ne ya riƙe auren. Ilimi kuwa, sai ya shiga kunnen mai buƙatarsa yake ceton rai.