Mai Sauraron Kifin Teku

"Inna, don girman Allah kar a mayar da kayan nan..."

Naja'atu ta durƙusa a tsakar ɗakin mahaifiyarta, ta dafe akwatin da hannu biyu. Lefenta ne, wanda dangin Zayyad suka kawo daga Dandamisa. Saura sati uku ɗaurin aure.

"Ni na ce a mayar?" Inna Kulu ta faɗa tana share ido da bakin zane. "Ga Malam can, ki je ki gaya masa."

Ba sai ta je ba. Muryar mahaifinta, Malam Ja'afaru, ta shigo daga tsakar gida.

"Ke Naja'atu! Shekarata sittin a Kudan, ban taɓa jin sana'a irin wannan ba. Mutum ya shiga ruwa tun safe, ba koma, ba ƙugiya, ya fito bai kamo ko tarwaɗa ɗaya ba, kuma a biya shi?"

"Baba, masu yawon buɗe ido suke ɗauka, su je su kalli kifi..."

"Su kalla! Su kalla su dawo gida da yunwa? Wa kika taɓa gani ya biya kuɗin mota don ya je ya kalli gonar rake?"



Zayyad mai gyaran injin ban ruwa ne, kaf fadamun Kudan babu wanda bai san hannunsa ba. Shekara huɗu ke nan da wani ya ja shi Kwatano, can bakin teku, gyaran injin jirgin ruwa, har ya zama shi ke tuƙa jirgin. Da mijin Naja'atu ya rasu ya bar ta da jaririya Rumaisa, Zayyad ne ya jira, bai matsa mata ba, sai da ta ce ya turo.

Komai lafiya, har ranar kasuwar Makarfi da ta wuce.

A ranar ne Ɗan'azumi mai taki, wanda sau biyu yana neman auren Naja'atu tana ce masa a'a, ya tare Malam a rumfarsa ya nuna masa wani bidiyo a waya. Ga Zayyad a bakin jirgi ya zura wata igiya cikin teku, ya toshe kunnuwansa da wani abu, ya runtse ido. Can ya ɗaga hannu ya yi nuni. Sai ga wani baƙin abu mai girman tirela ya taso daga ruwa, Turawa suka ɗaga hannuwa sama suna ihu.

"Ka gani ko, Malam? Kiransa yake yi, ya amsa. Su kuma bauta masa suke," in ji Ɗan'azumi. "Irin wannan aiki, an ce sai da jinin ƙaramin yaro. Ni dai marainiyar nan nake tausayi."

Da maganar ta iso gida, wannan kalma ta ƙarshe ita ta hana Naja'atu sukuni.

Da la'asar ta zagaya bayan rumbu ta kira Zayyad a waya.

"Najata, ya na ji muryarki haka?"

"Zayyad, ka rantse mini..."

"Subhanallahi! Har ke?"

"Da ni kaɗai ce, ko cikin tekun ka ce in bi ka, zan bi. Amma da Rumaisa a bayana. Ba zan kai ta inda zuciyata ke ɗar-ɗar ba, ko da sonka zai kashe ni."



"Kin yi gaskiya, Maman Rumaisa. Rantsuwata ba za ta wadatar ba. Ki roƙi Baba ya turo wanda ya yarda da shi, a yi mini bincike irin wanda ake wa kowane mai neman aure. Gani ya kori ji."

Da ƙyar Malam ya yarda. Ƙanensa ya tura, Baffa Tanko, mai kai busasshen barkono Legas, mutumin da ko buhu aka ce masa ya cika sai ya zura hannu ya taɓa.

"Kwana goma na ba ka," in ji Malam. "In ka ga abin da bai yi ba, ko gaisuwarsa kar ka amsa."

Kwana goman nan Naja'atu ba ta san ɗanɗanon tuwo ba. In ta fita ɗebo ruwa sai mata su yi shiru. Wata ma har janye ɗanta ta yi daga kusa da Rumaisa. Baffa Tanko kuwa ko sau ɗaya bai kira ba, layinsa ba ya shiga.

Rana ta goma da hantsi tana shanyar masara, sai ta ji sallamarsa a zaure.

Kwanon masarar ya suɓuce mata.

Ta lallaɓa ta tsaya jikin katangar zauren, Inna na biye da ita. Sai da aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi gajiya, aka koma kan ruwan bana da farashin barkono. Kamar ta yi ihu!

"To, Tanko," Malam ya ce a ƙarshe. "Me ka gano?"

"Yaya, na farko dai, ba ni ba teku har abada. Hanjina kaɗai ne ban amayar ba."

"Ba cikinka na aike ka ba."

"Ina zuwa. Kwana uku na yi a zango ban bari yaron ya san na iso ba. Na tambayi liman, na tambayi mai shayi, na tambayi mai gidan da yake haya. Kowa magana ɗaya: sahun farko a masallaci, kuma ba ya shiga sabgar kowa. Sannan na je na ce a sa ni a jirgin."

"Igiyar fa?"

"Ita na fara cafkewa! Na ce ba ni nan. Yaya, na'ura ce, irin abin da likita ke sa wa mutum a ƙirji. Ba kira yake ba, saurare yake. Na sa a kunnena, wallahi sai na ji kamar saniya na kukan ɗanta daga ƙasan rijiya. Da jin kukan yake gane kifayen suna kusa."

"Ikon Allah..."

"Ba mu jima ba wata ƙatuwa ta taso. Yaya, ka san kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa da muke ji a karatu? Na daina mamaki. Ta fesa ruwa ta tsakar kanta ya fi tsawon masallacinmu. Ihun da ka ga Turawa na yi, ni na fi su. Hulata ma tana can."

Inna ta toshe baki tana dariya. Naja'atu kuwa ba ta motsa ba.

"Amma ba wannan ne ya sa na dawo da farin ciki ba," Baffa ya ci gaba, muryarsa ta sauka. "Ashe da ɗanta take tafe. Ɗan ma ya kai motar ɗaukar rake, yana manne a gefenta. Wai shayar da shi take kamar dabbar tudu. Mutanen jirgin suka rikice, a matsa kusa, a matsa kusa, za su ɗauki hoto. Wani har kuɗi ya zaro yana miƙa masa. Ni kaina na ce, kai Zayyad, ɗan matsa mana! Ka san me ya yi?"

"Me ya yi?"

"Kashe injin ya yi. Ya ce mini, Baffa, ba a shiga tsakanin uwa da ɗanta. In ta ga dama ta matso, in ba ta ga dama ba, daga nan za mu kalla. Suka yi ta masifa, ko gezau."

Naja'atu ta zame ta zauna a ƙasa. Hawaye suka zubo, masu sanyi, irin waɗanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta.

"Alhamdulillahi... Alhamdulillahi..."

A zaure Malam ya yi gyaran murya.

"Astagfirullah. Na ɗauki alhakin yaron nan. Shi kuma Ɗan'azumi, daga yau ko kyauta yake raba taki, ba da ni ba. Ba ni lambar yaron in nemi gafararsa."

"Wace lamba? Ga shi can gindin darbejiya, ya ce ba zai shigo ba sai ka ba da izini."

Bayan azahar aka bar Zayyad da Naja'atu su gaisa a zaure. Ya rame, teku ta ƙara masa duhu. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Injiniya... ka yafe mini."

"Me kika yi?"

"Na yi zarginka."

"Najata, da kin kawo mini 'yarki ido rufe, da ni ne zan ji tsoronki." Ya yi murmushi. "Amma fa kin ramar da ni. Ga kuma ɗawainiya da Baffa da cikinsa!"

Ta yi dariya tana goge fuska da gefen hijabi. Sai kuma ta gyara zama.

"Ina da tambaya."

"Na sani. Tun daga Kwatano nake shiri."

"Gidan da za mu zauna, yana da nisa da ruwa?"

"Sai an hau mota."

"Islamiyya fa?"

"Bayan layinmu."

"In Rumaisa ta ce sai ta ga kifin nan? Ka san ta da naci."

Ya sunkuya. Ya janyo jakarsa ya zaro wata 'yar riga mai ruwan lemo, mai kauri, da maɗaurai uku.

"Rigar ruwa ce. Mai sanye da ita ba ya nitsewa. Sai da na zaga kanti huɗu kafin in samu daidai ita."

Naja'atu ta karɓa. Ta juya ta ciki da baya, ta duba ɗinkin. Ta ƙwala wa Rumaisa kira, ta sanya mata, ta ɗaure maɗauran ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kama kafaɗun rigar ta ɗaga yarinyar sama cak, ta girgiza. Rigar ba ta zame ba. Rumaisa sai ƙyalƙyala dariya take.

Ta sauke ta a hankali, ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"To, masoyina. Juma'ar tana nan yadda aka sa."

Kuma a ranar aka ɗaura, a ƙofar gidan Malam Ja'afaru, Baffa Tanko ne waliyyin amarya.