Yaren Mami

Amarya na zaune a teburin kicin, iyafis a kunne, tana maimaita wasu kalmomi tana rubuta su a littafinta da haruffa masu kama da kujeru da ƙofofi, sai ga Yaya Babba ta faɗo ko sallama babu. Yayar mijinta ce, kuma a danginsu in ta yi gyaran murya kowa sai ya shiga taitayinsa.

"Iko sai Allah! Har yanzu wannan gwarancin kike yi? Na samo miki gurbi a ajin Faransanci, kamfani na neman mai jin sa, kika watsa min ƙasa a ido. Wai yaren Bulgeriya! Wa zai ɗauke ki aiki da shi?"

"Yaya, yaren Mami ne fa," Amarya ta faɗa kanta a ƙasa.

"Mamin ce ta aike ki? Shekara talatin rabonta da shi!"

Nan kam Yaya ba ta yi ƙarya ba. Mami, surukar Amarya, can Bulgeriya marigayi Baba, mahaifin su Yaya, ya auro ta lokacin da ya je karatu. Da 'ya'yanta suka shiga makaranta, yara suka riƙa kwaikwayon maganarta suna tsokanarsu, su kuma suka dawo da kuka suka ce ta daina yarenta. Ta daina, ta koma yaren mijinta. Amarya ce ta same ta wata rana tana shanya tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa. Ko kalma ba ta gane ba, amma waƙar ta taɓa zuciyarta. Tun daga ranar yaren ya shiga ranta. Mami ta ce, "Bar shi 'yata, zai ja miki magana." Duk da haka in Amarya ta karya kalma, takan gyara mata tana dariya har da hawaye.

Da Auta, mijin Amarya, ya dawo daga ofis, Yaya ta cika masa kunne. Yana son matarsa, wannan ba shakka, sai dai a gaban Yaya ba shi da ƙashin baya.

"Bebi, ki rufa min asiri. So kike a dawo ana mana dariya? Ki zaɓa — ko littafin nan, ko zaman lafiyarmu."

"Wallahi ina son ka," ta ce tana kuka, "amma duk duniya ni kaɗai ce ke amsa wa mahaifiyarka da yarenta. Ta yaya zan sake rufe mata baki?"

Ya ce ta je gida sai ya neme ta. Wata uku ba kira, ba saƙo. Ta rame, ta yi kuka har ta gaji, amma ba ta faɗi laifinsa ga kowa ba, kuma ba ta fasa darasinta ba.

Wata ranar Talata da hantsi wayarta ta yi ƙara. Auta ne.

"Ki zo asibiti... Mami ce. Ba ma jin abin da take cewa!"

Ɓarin jikin Mami ne ya shanye. Likita ya ce yakan faru yaren da mutum ya koya da girma ya ɓace masa, ya bar shi da na nono. Kwana huɗu kenan tana magana, 'ya'yanta huɗu na tsaye a kanta kamar baƙi.

Amarya ta durƙusa a gefen gadon ta gaishe ta. Idon Mami ya buɗe tar, ta damƙe hannunta, maganar ta ɓalle kamar famfo.

"Me take cewa?" Yaya ta tambaya, yau muryarta a sanyaye.

"Ta ce a buɗe taga, tana son ganin sama. Ta ce ƙafarta ta hagu na ciwo tun jiya." Amarya ta sake kasa kunne. "Ta ce in gaya muku ba ta taɓa riƙe ku a zuciya ba, ku yara ne a lokacin. Kewa kawai ta yi."

Yaya Babba ta zube a ƙasa ta rushe da kuka. Auta ya kama hannun matarsa.

"Don Allah ya ake cewa 'ki yafe min'?"

Ta faɗa masa. Ya maimaita, ya karya shi raga-raga. Mami ta yi murmushi da rabin bakinta, ta gyara masa.

Bayan kwana tara ta rasu. Jimla shida kacal Auta ya samu ya yi da mahaifiyarsa a yarenta, kuma wannan ciwon bai taɓa barinsa ba.

Yaya da kanta ta je ta dawo da Amarya ɗakinta, tana ba ta haƙuri. Yanzu kujeru biyu ne a teburin kicin, littafi ɗaya.

Haƙurin Amarya ya dawo mata da aurenta da darajarta. Kada a auna yare da aikin da zai samo maka, ko da yawan masu jin sa. Wani lokaci mutum ɗaya ne rak ke jiran a amsa masa, kuma ba zai jira har abada ba.