Layi Biyu da Orrin Ya Bari

Ranar da Wendell ya fara ganin Maren, tana kan tsani da bokiti a hannu, tana wanke kashin tsuntsaye daga fiffiken jirgin babanta. Asabar ce ta farkon watan Mayu. Ni ce mahaifiyarta, sunana Verna, kuma ina zaune a bakin rumfar jirage da kofina. Ban yi karatu mai nisa ba. Abin da na gani da abin da suka gaya mini daga baya shi zan rubuta, yadda na tuna shi.

Ya sauko daga wata tsohuwar a-kori-kura, dogo sosai, riƙe da takarda a ninke. Ya tsaya yana kallon jirgin, sannan ya kalli yarinyar, ya manta da jirgin.

"Wannan ne na Orrin Halvorsen?"

"Shi ne. Kai ne mai tambaya arba'in da ya ishi Mama a waya?"

"Talatin da biyu ne."

Ta yi dariya har ruwa ya zubo masa a takalmi. Wata shida ke nan ban ji dariyarta ba, tun da muka binne babanta.

Direban tankar madara ne, bai daɗe da samun lasisin tuƙin jirgi ba. Ya ce ba ya neman komai sai ɗan jirgi mai kujera biyu da zai riƙa shawagi da shi ran Lahadi bayan coci. Ya riga ya duba guda uku. Ɗaya na ƙarfe ne, tsatsa ta ci cikinsa. Ɗaya ya fi ƙarfin sabon hannu gudu. Na ukun kuwa da ya shiga gwiwoyinsa suka tokare, sai da mai jirgin ya jawo shi waje. Da ya zauna a na Orrin, sai ka ce don shi aka auna. Shekara tara mijina ya yi yana gina shi a garejin gidanmu, katako da gam da yadi, ya shafa masa fenti ruwan ɗorawa.

Wendell ya bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, inji, farfela, nauyin da yake ɗauka, sa'o'in da ya yi a sama. Na ƙirga a raina, talatin da ɗaya ya yi. Ya kalli ta ƙarshe, ya kalle ni, ya ninke takardar.

Dole in faɗi abin da muka sani ni da Maren, wanda shi bai sani ba.

A damina ta ƙarshe ta rayuwarsa, Orrin ya zo sauka iska na bugowa ta gefe. Jirgin ya juya masa a ƙasa, bakin fiffiken hagu ya daki ciyawa da ƙarfi. Babu kowa a filin sai mu biyu muna jiransa a mota. Ya tura jirgin cikin rumfa, ya ja ƙofa, ya liƙe yadin, ya shafa fenti. Shekara talatin yana yi wa maza faɗa a filin nan in sun canza ko kusa ɗaya ba su rubuta a littafin jirgi ba. A nasa littafin kwanan wata kawai ya sa, ya bar layi biyu babu komai. Bai ƙara tashi ba, ya ce bayansa ke ciwo. A asibiti, kwana biyu kafin zuciyarsa ta tsaya, ya riƙe hannuwanmu ya ce kada mu bari a yi masa dariya a filin.

Na gaya wa kaina cewa abin da Orrin ya gyara ya gyaru. Da wannan na sa jirgin a kasuwa.

Akwai kuma Royce, bakaniken da ke sa hannu a duban shekara, ɗan abokin Orrin, wanda ya daɗe yana son Maren ita tana kauce masa. Ya zagaya jirgin sau ɗaya, ya buɗe murfin inji, ya sa hannu. Da Wendell ya ce ko ya kawo wani daga waje ya leƙa cikin fikafikan, tsofaffin filin suka yi masa caa. Royce ya ce, "Ɗan madara, jirgin Orrin ne fa. Wa zai duba aiki bayan Orrin?" Kunya ta kama yaron, bai sake tada maganar ba.

Ruwa ya kwanta a filin ciyawar duk watan Mayu, ba a iya tashi. Aka sa ranar tashin farko Asabar ta biyu a Yuni, ranar da ake yin karin kumallon fanke na shekara a filin. Tsohon malamin tuƙin filin ne zai fara tashi tare da shi. Kafin nan Wendell ya riƙa zuwa kullum bayan aiki, wai duba jirgi. Yana kawo wa Maren cukui daga kamfaninsu, suna zama a kan juyayyun bokitai a ƙarƙashin fiffike har rana ta sunkuya. Tana kiransa Dogo. Shi yana kiranta 'Yar Tsani.

Wata safiya ta nuna mini saƙonsa tana murmushi.

"'Yar Tsani, na wuce gonarku da asuba na yi hon sau biyu. Ɗaya naki, ɗaya na karenku. In kin ji guda ɗaya kawai, naki ne."

Ta mayar masa: "Kare ya ce ya gode. Ni ina barci. Ka tuƙa a hankali, Dogo, madarar mutane ce."

Ni kuwa sai na fara tsanar zuwansa. Na ce wa Maren ba mu san danginsa ba, na ce mutumin da ke tashi ƙarfe huɗu na asuba ba mijin zama ba ne, na ce Royce na gida ne. Duk ƙarya nake. So nake ya ɗauki jirgin ya yi nisa, ya zama baƙon da ba zan ƙara ganin fuskarsa ba.

Maren ta bi wata hanya. Ta fara tura masa tallan wasu jirage. Ta ce akwai wani na ƙarfe a jihar Iowa, ya fi sauƙin kula. Ta ce katako ba na sabon shiga ba ne. Ta ce ya jira baɗi. Ba za ta iya karya alkawarin babanta ba, ba kuma za ta iya kallon sa ya hau ba. Royce ya lura, ya je ya gaya wa Wendell cewa yarinyar tana ganin bai kai ya zauna a kujerar Orrin ba, kunyar faɗa masa take.

Daren Alhamis bai kai ba saƙo ya shigo. Ta ajiye wayar a gabana a kan teburin kicin, ta juya baya.

"Maren, na gane. Ni ba Orrin ba ne, sa'a sittin kawai nake da ita a sama. In ba ki so in taɓa jirgin, ki faɗa, zan haƙura da shi. Amma ki sani ban nemi mai kujera biyu don kowa ba sai don wadda ban haɗu da ita ba tukuna. Yanzu na haɗu da ita. Kujerar dama taki ce, a wannan jirgin ko a wani."

Na ce mata babanta ya gyara fiffiken, ta daina tada hankali. Ta juyo, idonta jajir, amma muryarta ƙasa ƙasa.

"To shi ke nan, Mama. Tunda lafiya yake, ran Asabar in malamin tuƙi ya sauka, ni zan shiga in zauna kusa da shi."

Ashe duk watannin nan na yarda da gyaran Orrin ne don ɗan wani zai hau.

Ran Asabar mutane sun fi ɗari a rumfar, ƙamshin fanke da tsiran alade ya cika ko'ina. An fito da jirgin rana, Wendell yana zagaya shi yana taɓa tayoyi, Maren na tsaye nesa da shi. Na kwance ƙyallen girki daga ƙuguna, na ɗauko 'yar wuƙar aljihun Orrin daga jakata, na tafi wajen fiffiken hagu.

Na ce, "Wendell, kada ka tada injin. Jirgin nan ya daki ƙasa bara. Orrin bai rubuta ba, ni kuma ban gaya maka ba."

Royce ya fara cewa Misis Halvorsen ba ta da lafiya, a ba ta kujera. Ban kula shi ba. Na soka wuƙar a yadin da mijina ya liƙe da hannunsa, na yanka har tsawon kamu biyu. Malamin tuƙin ya haska tocila ciki. Babban katakon da ke ɗauke da fiffiken ya tsage, tsagar ta kai tsawon tafin hannu, daidai wajen da ƙarfen tokara ya kama shi. Tsohon ya kashe tocilar, ya cire hularsa. Ya ce wataƙila da ya jure tashi biyar, wataƙila da bai jure na yau ba.

Wendell ya daɗe yana kallon ramin. Ya kalli Maren, ya tambaye ta ko ta sani. Ta gyaɗa kai. Ya shiga motarsa ya tafi, bai bugi ƙofa ba.

Kwana huɗu ban fita ba, ko coci ban je ba. Maren tana zuwa aiki tana dawowa, ba ta cin abinci. Ta aika masa saƙo ɗaya: "Ba kai ne ba ka kai ba, Dogo. Mu ne. Ba na neman ka yafe, ina so ka sani kawai." Bai amsa ba.

Ran Laraba da yamma na shiga garejin Orrin, karo na farko tun rasuwarsa, don in sami wajen yin kuka. A saman katakon rufi na hango wani dogon abu naɗe da takarda. Na sha ganinsa kafin ya kwanta, ban taɓa tambaya ba. Ina ƙoƙarin sauko da shi sai na ji hon sau biyu a ƙofar gida.

Wendell ne ya sauko mini da shi. Sabon katakon fiffike ne, da takardar kamfani mai kwanan watan Oktoba, makonni uku kafin Orrin ya kwanta. Ashe Orrin ya san tsohon ya tsage. Jira yake dusar ƙanƙara ta kori mutane daga filin ya canza shi ba wanda ya gani. Na zauna a ƙasan garejin na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Yaron ya tsuguna kusa da ni, ya ciro takardar nan tasa, duk ta yamutse. Ya nuna mini tambaya ta talatin da biyu: ko jirgin ya taɓa bugun wani abu?

"Na ji nauyin tambayar matar da ke takaba, Misis Halvorsen. Na ji nauyin tsofaffin filin. Saura kaɗan in ɗora Maren a kai. Kunyar ba taki ba ce ke kaɗai."

Maren tana tsaye a bakin ƙofa. Ya miƙe ya ce mata bai iya aikin katako ba, an ce ita ta riƙe wa babanta gam tun tana shekara tara, ko za ta koya masa.

"Zai ɗauki sanyin bana gaba ɗaya," in ji ta.

"Ina da sanyin bana. Ina da na baɗi ma, in kina so."

"Dogo, aure kake nema ko leburanci?"

"Duk wanda ba a cike gurbinsa ba."

A garejin suka yi sanyin, da hita mai ɗumama ɗaki da rediyo. Tsofaffin filin suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa kayan aikin. Ba wanda ya yi wa Orrin dariya. Biyu daga cikinsu ma suka je suka buɗe nasu fikafikan a ɓoye. Royce ya zo sau ɗaya ya ba Wendell haƙuri, ya ce a kira wani ya duba aikin, shi bai cancanta ba. Aka kira wata bakanika daga garin Duluth, ta yi kwana biyu da madubi da tocila kafin ta sa hannu.

An ɗaura aurensu a Yunin da ya zagayo, a cikin rumfar, fasto yana tsaye a ƙarƙashin fiffiken hagu. Kafin nan Wendell ya yi sa'a goma a sama shi kaɗai, ya ƙi barin Maren ta hau sai sun cika. Bayan an ci fanke ya kawo mini littafin jirgin a buɗe, da biro.

"Mama, akwai wajen da ke jiran ki."

Rubutuna ba shi da kyau. A ƙarƙashin kwanan watan da Orrin ya sa na rubuta: "Fiffiken hagu ya daki ƙasa wajen sauka, katako ya tsage. Orrin ya sayi sabo, 'ya'yansa suka saka." Layi biyun suka ishe ni daidai.

Maren ta tattare farar rigarta ta hau kujerar dama. Na ce Allah ya tsare su, ya ba su zaman lafiya, ya sa kada ɗaya ya taɓa jin kunyar gaya wa ɗaya inda ya tsage. Na tsaya a ciyawar har ruwan ɗorawar ya ƙanƙance a kan gonakin masara, littafin yana rungume a ƙirjina.