Bugun da Ba a Ƙirga Ba

A zamanin da ake kiran ƙasar nan Ubangi-Shari, kafin Faransawa su tafi, an yi wani yaro a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi. Yana aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko. Yaron nan ba mugu ba ne, ko kaɗan. Aibinsa ɗaya ne. Tausayi ya yi masa yawa, har ba ya iya faɗa wa mutum abin da ba zai so ji ba.

Yana da kawu mai suna Abdulgani, ɗan kasuwa mai sayar da atamfa a sari. Tun yana saurayi ya koyi wasan golf a Jos. Da wani kulob na Turawa a bayan gari ya fara karɓar baƙar fata, sai Kawu ya shiga. 'Yan kasuwa suka yi ta yi masa dariya. Wai babban mutum da gemunsa yana bin ƙwallo kamar ƙwan kaza cikin rana! Kawu bai kula su ba. Ya ma roƙi kulob ɗin ya buɗe reshen yara. Aka yarda, aka ce shi zai kula da su.

Filin yaran yana bayan unguwar Kokoro. Ba wani fili ne na a zo a gani ba. Ramukansa gwangwanayen madara ne da aka binne a ƙasa. Sandunan kuma tsofaffi ne da aka rage musu tsawo. Awaki ma suna ganin filin nasu ne. Amma duk ranar Alhamis, da yake babu lakwal, yara sukan cika shi maƙil.

Tun ranar farko Kawu ya zaunar da su a gindin mangwaro, ya yi musu bayani.

"A wannan wasa," in ji shi, "wanda ya jefa ƙwallo a rami da bugu kaɗan shi ya ci. To amma wani ya fi wani iyawa. Shi ya sa kulob yake ba kowane mamba lamba. Turawa suna ce mata andikaf. Mu dai mu ce lambar ragi."

"Ragi irin na kasuwa, Kawu?" in ji yaron.

"Irinsa. Ranar gasa a cire lambarka daga yawan bugunka. Gwani lambarsa ƙarama ce, a rage masa kaɗan. Ɗan koyo lambarsa babba ce, a rage masa da yawa. Ta haka babba da yaro za su iya karawa, kowa da rabonsa."

Ya ce kafin a ba mutum lamba sai ya zaga filin sau uku. Kuma ba shi zai ƙirga wa kansa ba. Abokin wasansa ne zai ƙirga, ya rubuta a kati, ya sa hannu. Daga nan Kawu ya kai katin babban kulob. Bayan an ba ka lambar ma, sai ka ci gaba da kawo kati, domin lambar tana hawa tana sauka.

"Doka ɗaya ce ba na wasa da ita," in ji Kawu. "Wanda ya yi ha'inci, babu shi babu kulob."

Yaron ya dage, ya sami lamba goma sha takwas. Yana ji da ita ƙwarai.

Ana nan sai aka yi baƙo a unguwar. Sunansa Abdulmutallib. Daga Damagaram aka kawo shi wurin babansa, mai shago kusa da Masallacin Kuduku. Ba ya jin Sango, harshen garin, ko kalma ɗaya, su kuwa yaran unguwa da Sango suke hira. In ya buɗe baki sai su fashe da dariya, su ce Hausarsa ta tsofaffi ce. Don haka ya zama mai shiru-shiru. Yaron nan ne kaɗai yake jan shi da hira. Shi ne ma ya kawo shi kulob, Kawu kuma ya haɗa su wasa tare.

Kai, Abdulmutallib ya sha wuya ranar farko! Ya ɗaga sanda, ya kawo duka da ƙarfinsa duka, sai ya bugi iska. Ƙwallo tana nan zaune ko motsi ba ta yi ba. Ya sake, ya tono ƙasa. Ya sake, ya kuma bugun iska. Idonsa ya ciko da hawaye.

"Nawa ke nan?" ya tambaya a hankali.

Yaron ya dube shi. Ya san uku ne, domin Kawu ya sha faɗa cewa duk dukan da aka kawo da niyya ana ƙirga shi. Amma tausayi ya kama shi. Ya ji ba zai iya faɗa ba.

"Babu ko ɗaya," in ji shi. "In sanda ba ta taɓa ƙwallo ba, ba a ƙirgawa."

"Da gaske?"

"Da gaske mana."

Fuskar Abdulmutallib ta washe. Can gaba ƙwallonsa ta faɗa cikin ciyawa mai duhu. Yaron ya waiga, ya ga Kawu yana nesa. Ya sa hannu ya ɗauko ta, ya ajiye a sarari.

"An yarda a yi haka?" in ji Abdulmutallib.

"An yarda. Buga abinka."

Haka suka yi har Alhamis uku. Yaron yana rubuta ɗan adadi, yana sa hannu, yana jin daɗi a ransa wai shi mai kirki ne. Da lamba ta fito daga babban kulob, sai ga Abdulmutallib da ashirin. Yara suka riƙe baki. Baƙon da ya zo jiya-jiya har ya kusa kamo tsofaffin hannu! Suka fara gaishe shi. Babansa ya saya masa sabuwar hula don murna.

Kawu ya ɗan yi mamaki da ya ga lambar. Amma yara sun fi ashirin a hannunsa, ba ya iya bin kowa. Kuma ɗan ƙanwarsa ne ya sa hannu, yaron da bai taɓa kama shi da ƙarya ba.

Sai ranar gasa ta zo. Aka kwashi yara a motar kaya zuwa babban kulob. Ciyawa shar, an aske ta lumui. A nan aka raba abokan wasa. Aka haɗa Abdulmutallib da wata yarinya, 'yar wani malamin asibiti, wadda ba ta san shi ba.

Abdulmutallib ya kawo duka, ya bugi iska.

"Ɗaya," in ji yarinyar da Faransanci, ta ɗaga yatsa.

Ya girgiza kai, ya nuna mata ai bai taɓa ƙwallon ba. Ta zaro ido. Da aka je rami na biyu, ƙwallonsa ta shiga ƙarƙashin wani ɗan kurmi. Ya sunkuya a gaban kowa, ya ɗauko ta, ya ajiye a sarari. Ko ɓoyewa bai yi ba, don bai san laifi ba ne.

"Mvene!" in ji wani yaro da ƙarfi. Da Sango ke nan, wato ƙarya. Sauran suka ɗauka. "Mvene! Mvene!"

Abdulmutallib bai san ma'anar kalmar ba, amma ya ga yatsun da ake nuna shi da su. Ya tsaya da sanda a hannu, yana waige-waige, yana neman abokinsa.

Abokin nasa yana nan kusa, ya ga kome. Sai ya sunkuyar da kai, ya yi kamar yana gyara takalmi.

Magatakardan kulob ya kira Kawu gefe, suka yi magana. Da aka dawo unguwa, Kawu ya tara yaran. Ransa a ɓace yake.

"Abdulmutallib, wa ya ce maka ana ɗaukar ƙwallo da hannu?"

Abdulmutallib ya ɗago kai, ya dubi abokinsa sau ɗaya. Sai ya mayar da idonsa ƙasa. Bai ce uffan ba.

"To shi ke nan," in ji Kawu. "An soke lambarka. Ranar Alhamis ka dawo da sandarka. Kun san doka."

Yaron ya koma gida jikinsa a sanyaye. Ya tarar da mahaifiyarsa, Tasalla, tana ninke atamfofi a tsakar gida. Ta ajiye masa rogo da miyar ganye. Ya zauna yana juya cokali.

"Kai ɗan nan, lafiya? Ko an cinye ka ne a wasan kawun naka?"

"A'a, Inna."

"To mene ne? Tun da ka shigo kake kallon kwano kamar ba ka san shi ba."

Sai ya fashe da kuka. Ya kwashe labari duka ya faɗa mata. Da ya gama ya share hanci ya ce, "Amma Inna, ai taimakonsa na yi. Ba don kaina na yi ba. Tausayinsa na ji."

Tasalla ta ajiye atamfar da ke hannunta.

"Na yarda tausayinsa ka ji. To bari in tambaye ka. In na kai ka wurin tela, ya auna ka, sai ya ji nauyin ce maka kai gajere ne, ya ɗinka maka wandon dogon mutum. Ranar Salla wa zai faɗi a titi, kai ko tela?"

"Ni ne," in ji yaron.

"To yau wa ya faɗi?"

Yaron ya ajiye cokalin.

"Kuma ka ga," in ji ta, "an tambaye shi, ya ƙi ambaton sunanka. Shi ya rufa maka asiri, kai ka bar shi a rana. Wannan ya fi na farkon yi mini ciwo."

"In na faɗa, Kawu zai kore ni."

"Wataƙila ya kore ka. Ba zan je roƙonsa ba, ko da yake yayana ne. Amma ka zaɓa. Ko kai ka rasa kulob da laifinka, ko shi ya rasa da laifin da ba nasa ba."

Ranar Alhamis yara suka taru a gindin mangwaro. Abdulmutallib ya zo a makare, babu sabuwar hular a kansa. Ya miƙa wa Kawu sandar da hannu biyu.

Yaron ya miƙe.

"Kawu, kada ka karɓa. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na ce masa ba a ƙirga bugun iska. Ni na ce an yarda a ɗauki ƙwallo. Ni na rubuta ƙarya a katinsa, har sau uku. Shi bai san kome ba."

Ya sake faɗa da Sango, don waɗanda suka yi ihun nan su ji da kyau.

Kawu ya daɗe yana kallonsa. "Me ya ba ka don ka yi masa haka?"

"Bai ba ni kome ba. Na ga zai yi kuka ne."

Kawu ya ja dogon numfashi. Ya mayar wa Abdulmutallib sandarsa. "Yi haƙuri, ɗana. Ni ma da laifina, da ban bincika ba. Zan je in wanke ka a babban kulob." Sannan ya juya ga ɗan ƙanwarsa. "Kai kuma, ba ni taka."

Yaron ya miƙa sandar, hawaye yana zuba.

Sai Abdulmutallib ya yi magana, shi da ba a cika jin muryarsa ba. "Kawu, don Allah kar a kore shi. Duk garin nan shi ya fara ce mini sannu."

Kawu ya shafa gemu. Ya ce ba zai kore shi ba, tun da shi ya kawo kansa. Amma an soke lambarsa ta goma sha takwas. Ba zai taɓa sanda ba sai bayan damina. Kafin nan aikinsa ɗaya ne, ya bi Abdulmutallib yana ƙirga masa da ƙarfi, kowa yana ji.

Nan take aka fara. Abdulmutallib ya kawo duka, ya bugi iska.

Yaron ya matso kusa. "Ɗaya," in ji shi.

Abdulmutallib ya sake bugun iska.

"Biyu."

"Ɗaga murya, aboki," in ji Abdulmutallib. "Ai ba mutuwa zan yi ba."

Yara suka yi dariya, amma wannan karon tare da shi suka yi.

Da sabuwar lamba ta fito, talatin da shida ce, mafi girma a reshen yara duka. Abdulmutallib bai ji kunya ba. Yanzu da ya san kowane duka yana da lissafi, sai ya daina gaggawa. Ya koyi kafa ido a kan ƙwallo. Ya koyi fitar da ita daga ciyawa da sanda. Kafin damina ta wuce, Kawu ya dawo daga babban kulob da labari. Lambar ta sauko zuwa talatin da uku.

Abdulmutallib ya yi tsalle, ya rungume abokinsa har suka faɗi ƙasa.

"Talatin da uku kake wa wannan murna?" in ji yaron. "Da na ba ka ashirin ma ba ka yi haka ba."

"Waccan taka ce," in ji Abdulmutallib. "Wannan kuwa tawa ce."

Tun daga ranar yaron ya gane cewa ƙarya ba ta zama alheri don an yi ta da tausayi. In kana ƙaunar abokinka, faɗa masa gaskiya ko da za ta yi masa zafi, sannan ka tsaya kusa da shi har ya iya.