Na Tafi Garinsu, Ya Tafi Garinmu

Ƙafata ɗaya na cikin mota, ɗaya na ƙasa a tashar Badagishiri, na hango moton Munkaila, wato babur ɗinsa, ɗaure a saman wata mota da ta juya hanci Konni. Ko cikin dubu zan gane shi, don ni na ɗinka masa rigar sirdin nan mai ruwan ƙwai. Kusa da moton ga katifa, ga fanka, ga buhun littattafai. Gogan kuwa yana tsaye yana ba 'yan dako umarni, sai fara'a yake kamar wanda aka yi wa albishir.

Ya juyo ya gan ni. Ya ɗaga kai ya ga abin da ake saukewa daga tawa motar: katifa, fanka, tukwane, har da turmi.

Fara'ar ta gushe a hankali.

"Nafissa... kayan wa na?"

"Nawa na. Canji anka yi mani, na dawo nan kusa da kai." Na nuna saman motarsa. "Kai hwa, ina za ka da katihwa?"

Ya dubi motarsa, ya dube ni.

"Konni, masoyiyata. Kusa da ke..."

Ban san lokacin da na zauna a kan turmina ba. Direbansu ya dinga danna oda, mu kuwa muna kallon juna kamar an aiko mana da rasuwa.

Bari in koma baya kaɗan. Ni mai ba da magani ce a farmasin asibiti a Konni, garinmu. Munkaila shi ma aikinsa ke nan, amma a Badagishiri, garinsu. A wani taron ma'aikatan lafiya a Tawa muka haɗu a 2005, ya ari bik ɗina na rubutu ya ƙi maidowa, ni kuma da ba na barin hakkina na bi sawu. Shekara guda muka yi muna soyayyar hanya. Asabar ya hau moto ya zo, ko ni in fake da ziyarar ƙawa in shiga motar kasuwa, in sauka ina warin albasa.

Da maganar aure ta taso, Babana ya kafe. Tsohon jandarma ne, sunansa Abdurrazak, amma duk unguwa Ajidan ake ce masa, saboda muƙaminsa na aiki, kuma in ya faɗi magana ta zauna. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga auren da miji ke wani gari mata ke wani ba. Ban iya yi masa gardama ba, domin na san inda abin ke masa ciwo. Mahaifiyarmu ta rasu yana bakin aiki can arewa, sai bayan an yi addu'ar bakwai ya iso. Sharaɗinsa ɗaya ne: mu zauna gari guda, ko kowa ya kama gabansa.

Can ɓangaren Munkaila ma ba lafiya ba. Mahaifiyarsa, Inna Hajara, ta ce ba ta son 'yar bakin iyaka mai idon tsakar ka. Ga Asma'u nan, 'yar ƙaninta, yarinya mai ladabi, tana aiki a buron lafiya na Tawa, wato ofishin da ke kula da ma'aikatan lafiya, ita take so ya aura.

To, a aikinmu akwai abin da muke cewa permitasiyo. Ma'aikata biyu masu aiki iri ɗaya su yi musayar wuri, wannan ya koma na wancan. Na zauna na yi tunani, na ce ni zan sadaukar, in bar Konni in koma garinsu. Kuma ban gaya wa kowa ba, har shi. Haka aka rene mu: abin alheri ba a buɗe masa tukunya sai ya nuna, saboda bakin mutane. Kakata ko nan Malbaza kusa da mu za ta je, sai ta hau mota take sallama.

Wa na sani a buron Tawa? Asma'u. Ni da hankalina, ni da ake cewa wayo ya yi mini yawa, na ɗauki ƙafa na kai mata kukana. Ta karɓe ni da "Anti Nafissa" da lemo mai sanyi, ta ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, akwai wani a Badagishiri da ke neman Konni ido rufe. Mutum biyu ne a farmasin can, Munkaila da wani dattijo, Malam Alkasum, wanda kullum ke ƙorafin ya gaji da garin. Na ce lallai shi ne. Ban tambaya ba, don kar in yi wa abin baki.

Ashe kwana kaɗan kafin ni, Munkaila ya je mata da irin wannan kukan, shi ma a ɓoye, shi ma saboda bakin mutane. Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba. Ta dai haɗa mu musaya da junanmu, ta koma gefe tana shan lemonta. Kuma wanda aka yi wa canji ba ya sake neman wani sai ya shekara biyu.

A tashar nan na wanke Munkaila tas. Na ce wane irin namiji ne zai kwashe katifa ya bar gari bai shawarci wadda zai aura ba? Ya saurare ni har na gama, sannan ya nuna turmin da nake zaune a kai. Wannan nunin ya fi zagi ƙona mini rai. Motarsu ta tashi da shi, na bi ta da harara har ta ɓace, sannan na fashe da kuka, mai tallan ƙosai tana ba ni haƙuri ba ta san dalili ba.

Da Baba ya ji labari, cewa ya yi ai magana ta ƙare, Allah ne ya raba.

Sati biyu ban ɗauki kiran Munkaila ba. Sai ya koma yi mini bip, salula ta yi ƙara sau ɗaya ta tsinke. Na san ma'anarsa, wato ina ranki. Nakan ja tsaki in kife ta, in kuma ɗago in duba ko zai sake. Kewarsa ta hana ni cin abinci, amma girman kai ya hana ni faɗa.

Ana cikin haka Inna Hajara ta zo karɓar maganin hawan jini. Ta leƙo tagar da ta saba ganin ɗanta, ta ga fuskata. Asma'u ta riga ta kai mata cewa ni na kore shi daga gari don in gaje kujerarsa. Ta ƙare mini kallo, ta ce a kira mata Alkasum. Aka ce ya tafi lambunsa na albasa. Dole ta miƙo mini takardar likita, tana kau da kai.

Na ga ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum. Na tambaye ta yadda take shan maganin, ta ce ba ni na haife ta ba. Wata maƙwabciyarta da ta rako ta, ita ce ta tona: rabin ƙwayoyin Inna raba su take wa mata masu ciwon kai, sauran kuma ta haɗa da wasu ja da kore da take saye wurin mai tebur ranar kasuwa. Munkaila ya sani, amma kunyar uwa ta hana shi magana.

Ni ba uwata ba ce tukuna. Da aka tashi aiki na bi ta har gida, na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na ɗauke kwanon ƙwayoyin daga ƙarƙashin gado na juye su a jakata. Ta tara mini unguwa. Ta ce ga 'yar Konni ta zo yi mata fashi da rana tsaka. Na ce ta yi haƙuri, gobe ma zan dawo, kuma a gabana za ta haɗiya.

Haka muka yi ta yi. Kullum in je, kullum ta zage ni, kullum ta sha. Wata bai cika ba takalminta ya koma shiga ƙafarta. Ba ta gode ba. Sai dai wata rana na tarar da kwanon kwaɗon zogale a rufe a inda nake zama, ta ce wai ya yi musu yawa ne, kar in ɗauka wani abu.

A Konni kuwa wani wasan ake yi. Baba yana da ciwon suga, kuma ni nake yi masa allura kowace safiya. Da na tafi, ƙannena duk suka ce tsoro suke ji. Washegari sai ga Munkaila a ƙofar gida da 'yar jakarsa. Baba ya bar shi tsaye a rana kamar sabon kurtu, daga baya ya miƙa hannu yana kallon bango.

Matsalar Baba shayi ce, mai suga har cokali ya tsaya. Munkaila ba shi da bakin hana Ajidan, sai ya ɓullo da dabara. Duk kofin da aka zuba, sai ya yi wuf ya ce, "Baba, albarkacinku," ya shanye. Na fari, na biyu, na uku. Baba ya rasa yadda zai hana baƙo shayi a gidansa. Cikin wata uku sugan Baba ya sauka, Munkaila ya yi kumatu. Asma'u ta yi ta zuwa daga Tawa ranar hutu da kulolin abinci, shi kuwa ya karɓa da godiya ya kai wa Baba, su ci tare suna sauraron rediyo. Da ta gane inda tuwonta ke zuwa, ta daina wahalar da kanta.

Ni da shi mun shirya tun tuni. Ni na fara kira, amma na ce masa kuskuren dannawa ne.

Duk da haka maganar aure tana nan inda Baba ya ajiye ta. Kawunnan Munkaila suka ce ba za su je neman aure a kunyata su ba. Ni har na fara sallamawa, ina kuka a ɓoye a bayan kwalayen magani.

Wata Asabar ina gida Konni, sai muka ji babbar mota ta tsaya a ƙofar gida. Motar albasa ce, kuma wadda ake taimaka wa ta sauko daga gaba Inna Hajara ce, da sandarta da lulluɓinta. Na ruga ɗaki na laɓe bayan labule. Munkaila yana cikin zaure tare da Baba, saura kaɗan kofi ya suɓuce masa.

Bayan gaisuwa ba ta yi kwana ba.

"Ajidan, na san ba mata ka zuwa biɗar aure ba. Amma mazan gidanmu sun zama mata, shi ya sa nit taho. Ɗiyarka nika so."

"Hajiya, ke da kinka ce ba ki son 'yar bakin iyaka?"

"Har yanzu ban son bakinta. Amma duba ƙahwata." Ta turo ƙafar gaba. "Ɗan da na haihwa bai iya ba, ita ta iya. In wani ya aure ta ya kai ta wani gari, wa za ya zo shi yi mani hwaɗa?"

Baba ya yi gyaran murya, ya ce shi magana ɗaya yake yi, gari guda ya ce, kuma har yanzu gari biyu yake gani. Inna ta ce to shi ke nan, a yi adalci, ya sakar mata ɗanta ya daina zuwa gidan nan, ita ma ta sakar masa 'yarsa. Baba ya yi saurin cewa ba a yi haka ba, yaron ai hannunsa ba zafi. Suka shiga ciniki a kanmu kamar masu rabon gado, kowa ya riƙe ɗan wani ya ƙi saki. Dariya na cina a bayan labule, hawaye kuma na zuba.

Can sai Baba ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana juya kofin da ba komai a ciki. Da ya ɗago, Munkaila ya kalla.

"In na ba ka ita, ina za ta zamna?"

"Badagishiri, Baba, wurin aikinta. Ni in riƙa tahowa da sahe, in koma da marece."

"Kullum?"

"Kullum, in Allah ya yarda."

"Hanyar da nisa. Ga manyan motocin siminti."

"Na sani, Baba."

Baba ya juya wajen Inna, muryarsa ta sauka yadda ban taɓa ji ba.

"Hajiya, yaron ga tun da ya zo garin ga, ruwa ko iska, bai taɓa hwashin ƙohwata ba, ni da ban ba shi komi ba sai harara. Ni lokacin uwarta ban samu zuwa ba..." Ya tsaya, ya share ido da bakin rawani. "Wanga za ya zo. Ku turo mazanku."

Bayan sallar layya aka ɗaura. Asma'u ta zo biki da ankonta, ta rungume ni tana "Anti Nafissa", na zuba mata lemo mai sanyi da hannuna.

Yanzu kowace safiya Munkaila yana karyawa a tsaye, ya ɗaure hular kwano, ya kama hanyar Konni, ya fara biyawa ta wurin Baba kafin ya wuce aiki. Ya yi baƙi, kumatun sun zube, moton ya ci taya ban san adadi ba. Ni kuma da la'asar ta yi sanyi kunnena na kan titi, Inna na gefe tana cewa in zauna, tsayuwata ba za ta ƙara wa moto gudu ba, alhali ita ma ƙofar take kallo.

Kuma kowace yamma, kafin a kira magariba, salulata sai ta yi ƙara. Baba ne, mutumin da bai taɓa kiran kowa ba sai dai a kira shi. Ba ya gaisuwa, ba ya tambayar lafiyata.

"Ya iso?"

In leƙa waje, in ga Munkaila yana kafe moto yana kaɗe riga, yana yi mini murmushin gajiya.

"Ya iso, Baba."

Sai in ji ya sauke numfashi, ya kashe.