Silifas a Gindin Motar Kwana-kwana

Da hantsi aka kira Sufeto Perla Dimaano. An tsinci gawa a ƙarƙashin gadar Santa Rufina, babur yashe a gefe. Rodel Macaraeg ne, ɗan kwana-kwana.

Shugaban tasharsu, Kwamanda Ocampo, ya riga ta isowa.

"Hutu yake jiya, Sufeto. Ya sha giyar kwakwa, babur ya kayar da shi. Ki rufe fayil."

Perla ta durƙusa. Gashin mamacin na warin hayaƙi. Silifas ɗin ƙafarsa sabo fil, ya kuma yi masa yawa.

"Fayil ɗina ne, Yallaɓai. Ni ke rufe shi."

A gidan makoki ta tarar da ɗan tsako a kan akwatin gawa yana tsattsagar shinkafa. A al'adar garin, ba a ɗora shi sai ga wanda aka zalunta. Matar Rodel, Aling Nenita, na tsaye ƙyam, idonta a bushe.

"Kwamanda ya aiko in sauke shi," in ji ta. "Na ce ya zo ya sauke da hannunsa."

"Inshorar lafiya fa?"

"Wai ta iyalin wanda ya mutu a bakin aiki ce, nawa mijin kuwa mashayi ne. 'Yata Lorna wankin ƙoda ake mata. Ranar da suka yanke katin inshorar, ranar za a daina. Shekara da shekaru ina goya ta zuwa asibiti ban roƙi kowa ba, Sufeto. Ba kuma yanzu zan fara ba."

Perla ta nuna mata hoton silifas ɗin.

"Ba nasa ba ne. Nasa shuɗi ne, ni na ɗaure igiyar da waya. Rodel ya sayi sabon silifas? Mutumin da ke yi wa laima faci?"

A tashar, 'yan kwana-kwana suka sunkuyar da kai. Tsohon direbansu, Mang Tiboy, ya ce, "Ban ga komai ba, 'yata."

An goge daɓen tas, sai wuri guda da aka zagaye a gindin motar kwana-kwana. Shuɗin silifas ne mai waya a wurin, wari ɗaya a kife, irin na wanda ya tuɓe a guje.

"Wa ya yi goge-goge yau?"

"Ni ne."

"Me ya hana ka ɗaga waɗannan, Baba?"

Tsohon ya ce, "Ba ma taɓa silifas ɗin wanda ya fita kashe gobara sai ya dawo ya saka abinsa."

Kwamanda ya fito daga ofis yana dariya. "Tsohon silifas ne hujjarki? Yarinya, ina wannan aiki tun kina goye."

"To ɗauke su, Yallaɓai. Tunda hutu yake, jefa su a shara."

Ya sunkuya. Mutanensa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka zuba masa ido. Hannun Kwamanda ya tsaya a saman silifas ɗin. Ya kasa.

"Siton surukina ne ya kama da wuta," ya ce a hankali. "Kayan wasan wuta ne ciki, ba lasisi. Na ce a kashe a asirce. Hayaƙi ya rutsa da Rodel. Ni da surukin muka canja masa kaya, muka kai shi gada. Mutanena kuwa na ce musu duk wanda ya yi magana, korarre ne."

Perla ta ɗaura masa ankwa, wani kofur ya tasa ƙeyarsa zuwa mota.

Aling Nenita ce ta zo da kanta ta ɗauki silifas ɗin, ta kaɗe ƙurar, ta rungume.

"A bakin aiki ya mutu," in ji Perla. "Haka na rubuta."

"Na sani tun farko. Ki gaya wa asibiti Lorna na da wankin ƙoda ranar Litinin. Muna tafe."