Ɗorawar da Sarki Bai Sani Ba

"Andani, in ka dawo hannu wofi yau, kar ka shigo mini gida!"

"Haba Mma..."

"Ba haba! Ruwan zafi da gishiri ƙannenka suka sha jiya, kai kuwa hankalinka na wurin Lariba!"

Shekarar tamanin da uku ke nan, ta fari da gobara. Ku yaran yanzu me kuka sani? Ni ban taɓa zama a aji ba, amma duk unguwarmu ta Zogbeli ba wanda ya fi ni sanin daji. Ku tambaya!

Na ɗauki kulkina na biya wa abokina Issah, yayan Lariba. Kullum tare muke fita farauta, yana tuƙa keke ina baya. A dajin bayan Kasalgu na buge zomo da ƙatuwar gafiya, kowanne jifa ɗaya, na zuba a buhu.

Sai muka ji warin hayaƙi. Wasu mafarauta sun cinna wa ciyawa wuta, ta fi ƙarfinsu.

"Hau mu gudu!" in ji Issah.

A bakin hanya muka tarar da mata masu itace a guje. Abibatu, maƙwabciyarsu Issah, ta riƙe keken tana haki.

"Lariba ba ta fito ba! Ta ce za ta ɗebo wani abu, ta ƙi faɗa mana wurin!"

Ni kuwa na san wurin.

A ƙasar Dagomba ɗorawa ta sarki ce, ba a tsinkar 'ya'yanta sai da izini. To wata damina kafin farin, ni da Issah da Lariba mun yi yawo har cikin kwari. Ciyawa shar, rafi na gudu, Lariba na tsokanata wai ina tsoron kwaɗo. Ranar ta hango wata ɗorawa a ɓoye bayan duwatsu, ta raɗa mini, "Wannan sarki bai san da ita ba. Tamu ce."

Na ce, "Issah, je ka kira mutane!"

Na ruga wajen ɗorawar. Buhun na dukan bayana, yana rage mini gudu. Na tuna ƙannena, na tuna fuskar Mma... wallahi sai da na tsaya. Sannan na yar da shi.

A gindin bishiyar na same ta. Ta faɗo daga reshe, ƙafa ta gurɗe. Bayanmu wuta na ruri kamar babbar lori, shirwa na shawagi a cikin hayaƙi, rana ta koma ja.

"Andani, gudu! Kar mu mutu mu biyu!"

"In tafi ina, hasken idona? In bar ki ga wa?"

In na goya ta, wutar za ta cim mana kafin duwatsu. Na zaro ashana. Ta farko ta karye.

"Ka haukace? Wuta za ka ƙara?"

Na cinna wa ciyawar gabanmu wuta, wajen da iska ta nufa. Ta ci ta yi gaba, ta bar baƙar ƙasa. Na ɗauki Lariba na taka cikin tokar, silifas ɗina na narkewa. Muka kifa, tana salati a kunnena. Babbar wutar ta iso... zafi kamar za a saɓule mini fatar baya. Ba ta sami abin ci ba, ta kewaye mu ta wuce.

Tsoro? Ni? Haƙorana ne kawai suke haɗuwa.

Issah da mutane suka kwaso mu. A ƙofar gidanmu na toge, ban shiga ba.

"Ina naman?" in ji Mma.

Na sunkuyar da kai. Sai Lariba ta kwance ɗankwalinta. 'Ya'yan ɗorawa ne, duk cikin wutar nan ba ta sake su ba.

"Mma, na ƙannensa ne. Don su na je."

Mma ta dubi ɗorawar, ta dubi ƙafafuna da suka ƙone, hawaye ya zubo mata.

"Kai sakarai, me kake tsaye? Shigo mini da 'yata ciki!"

Da kaka aka ɗaura mana aure. Har yau in an ƙona ciyawa a unguwa, sai hannunmu ya haɗu. Ita dai tana cewa ni nake fara riƙo. Kar ku yarda.